Osanai da Lamba Arba'in da Bakwai

Shekara ashirin da ɗaya teburina yana manne da na Osanai Tomie, kuma ban taɓa miƙa mata gilashi ta karɓa ba tare da ta juya shi ta karanta lambar da ke jikinsa ba. Ko a gabanta na rubuta lambar, tana kallo, sai ta sake karantawa, leɓenta na motsi. Da farko abin yakan ɓata mini rai. Daga baya na saba.

A ƙauyen masu noman tuffa aka haife ta, can gindin dutse, ita ce ta uku cikin 'yan mata huɗu. Mahaifinsu bai samu ɗa namiji ba, don haka su suka yi masa aikin gona, kuma tun tana shekara takwas aka zaunar da ita a teburin tantancewa, saboda takan ga ramin tsutsar da manya suka tsallake. Da ta kai sha tara ta sauko birni, ta samu aikin wanke kwalabe a wani ƙaramin asibiti, tana zuwa makarantar yamma har ta samu takardar aikin ɗakin gwaji.

Tsofaffin ma'aikata sun ce da can ba haka take ba. Wai a wancan asibitin ne, tana shekara ashirin da huɗu, aka kawo naman mata biyu masu suna ɗaya a rana ɗaya, lambobin suka sarƙe. Aka yanke wa mai lafiya nono, aka sallami marar lafiya ta tafi gida. Ba a taɓa gano hannun da ya yi kuskuren ba, amma ita ce ƙarama a ɗakin, don haka ita aka tasa gaba zuwa gidan mijin matar, ta durƙusa goshi a ƙasa. Ba ta taɓa ba ni wannan labari ba. A bakin mai shara na ji.

Ba ta yi aure ba. Ɗaki ɗaya take haya kusa da kogi, tana zuwa aiki a keke har sai ƙanƙara ta rufe hanya. Abincinta na rana bai taɓa sauyawa ba: dunƙulen shinkafa biyu, gasasshen kifi, da shayin da ta dafo daga gida, don ba ta yarda da butar ofis ba.

Aikinmu ba shi da wuyar faɗa. Idan mutum ya rasu a asibitin jami'a, iyalinsa kuma suka yarda a buɗe shi don ilimi, akan sauko mana da 'yan yankan nama a kwalabe. Mu jiƙa su a magani, mu zuba musu narkakken kaki su daskare su zama ɗan dunƙule, sannan mu ɗora a inji mu yanka da aska, siriri fiye da ɓawon albasa. Mu shimfiɗa a gilashi, mu rina, mu kai wa likitoci su duba a madubi mai girmama abu. Suna ba ya zuwa wurinmu, lamba kawai. Littafin sunayen yana kulle a ofishin Farfesa Munakata, shugaban sashenmu.

Osanai tana da shekara hamsin da shida aka kawo mana Dakta Hirauchi daga kudu. Dogo ne mai saurin magana, wanda bai iya tafiya a kan ƙanƙara ba, makonsa na farko sau uku ya faɗi a ƙofar asibiti. Babu abin da ya dame shi a jikin mutum sai pankiriyas, naman nan da ke kwance a bayan tumbi. A cikinsa akwai 'yan tarin ƙwayoyi a warwatse da muke kira tsibirai, kuma a tsibiran ne ƙwayoyin da ke yin insulin suke zaune. In sun mutu ko sun gaji, sai suga ya taru a jini. Abin da aka koya mana shi ne, a jikin babban mutum da wuya su hayayyafa, sai ka duba dubu ba ka ga ɗaya tana rabuwa biyu ba. Hirauchi yana ganin ba a duba da kyau ba ne. A tunaninsa, kumburin da ke cin tsibiran shi ne kuma yake zungurar ragowar ƙwayoyin su haihu, kuma in an gano mai zungurar, za a iya raba shi da ɓarnar. Ƙanwarsa tun tana shekara bakwai take yi wa kanta allura sau huɗu a rana. Bai ɓoye mana wannan ba, ranar farko ya faɗa.

Da ya fita, Osanai ta kira ni da sunana, haɗe da "san" na ladabi, ta ce, "Kasai-san, kin ji ko? Mutumin da ya riga ya san abin da yake so ya gani."

Na ce, "Haba, ƙanwarsa ce fa."

"Shi ne ai na ce."

Pankiriyas sittin aka tsara za mu yanka masa, na masu ciwon suga da na waɗanda ba su da shi. Rini biyu ake yi. Ja yana kama ƙwayar insulin, ruwan ƙasa yana kama cibiyar duk ƙwayar da ke shirin rabuwa. Abin nema shi ne ɗigon ruwan ƙasa a tsakiyar ja. Muka yi arba'in da shida, kusan shekara biyu, ɗigon bai fi a ƙirga da yatsu ba. Hirauchi ya rame, ya daina yi mana barkwanci.

Lamba arba'in da bakwai ta sauko ne a watan takwas, ranar farko ta bikin fitilu, ana jin gangunan masu gwajin kiɗa ta tagar ɗakinmu tun da rana. Osanai ta karɓa, ta rubuta a ɗan littafinta na aljihu kamar yadda takan yi, ta zuba kaki, ta yanka. Aikin rinin ya faɗo a kaina.

Ina tsakiyar rini aka kira ni daga gidan tsofaffin da mahaifiyata take, wai ta zame a banɗaki. Na fita baranda na amsa. Ba ta karye ba, amma da na dawo, gilasan sun wuce lokacinsu a cikin rini da kamar minti goma. Na wanke su, na duba, na ga launin bai yi wani duhu ba. A takardar aiki sai na rubuta lokacin da aka saba rubutawa.

Washegari da hantsi muka ji gudu a matakala. Hirauchi ne, takalmin ɗaki ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar safa. Ya ce mu zo mu gani. Na leƙa madubin. Tsibiran cike da kumburi, kuma ɗigon ruwan ƙasa ko'ina a cikin ja, wani tsibirin biyar, wani bakwai. Mai ciwon suga ne, in ji takardar, namiji, shekara sittin da ɗaya. Farfesa Munakata da kansa ya sauko, abin da yake yi sau ɗaya a shekara, ya aika aka sayo wainar shinkafa mai cikin jan wake. Kowa ya ɗauka. Osanai ta ajiye tata a gefen teburi, ta zauna a madubin har kusan rabin awa.

Da suka watse ta juyo.

"Kasai-san, yaushe kika buɗe wannan kwalbar rinin?"

"Ranar Litinin."

"Ke kika haɗa?"

"Wa zai haɗa in ba ni ba?"

"Minti nawa suka yi a ciki?"

"Yana rubuce a takarda."

"Na ga takarda. Ke nake tambaya."

Na ce, "Shekara sha tara muna aiki tare, yau ni kike yi wa tambayar 'yan sanda?"

Ta ce, "Ko mahaifiyata ce ta rina zan tambaye ta."

Ta ɗauko dunƙulen, ta yanka sabo, ta buɗe sabuwar kwalba, ta rina da hannunta, agogo a gabanta. Kwana biyun nan ban ji daɗin abinci ba. Da sakamakon ya fito, ɗigon suna nan yadda suke, babu ragi. Na sauke ajiyar zuciya, na jira ta ce in yi haƙuri. Ba ta ce ba. Ta dai cire ni daga lissafin waɗanda take zargi, ta koma kan na gaba.

Akwai ɗan ɗaki a ƙarshen baranda inda muke jera dunƙulayen kaki a aljihunan ƙarfe. Wata safiya ta kira ni can, ta jawo aljihu.

"Dubi arba'in da bakwai."

"Na gani. Me ya same shi?"

"Lambar tana kallon bango. Ni ban taɓa ajiye dunƙule yana kallon bango ba. Ke ce?"

"Ba ni ba ce."

"To ba ni ba ce, ba ke ba ce. Saura wa?"

Ta ɗauki fensir ta yi ɗan layi daga gefen dunƙulen zuwa jikin aljihun. Bayan kwana huɗu layin ya rabu biyu. Mako na gaba ta zo aiki tun kafin bakwai da rabi, ta tsaya a bayan firjin magani, ta ga Hirauchi ya fito daga ɗakin yana waige. Daga ranar ta cire mabuɗin ɗakin daga ƙusar da yake rataye shekara talatin, ta sa masa igiya, ta rataya a wuya.

Hirauchi bai yi mata magana ba, ni ya tare a matakala.

"Kasai-san, don girmanki ki faɗa mini gaskiya. Wannan baiwar Allah me na yi mata?"

"Haka take da kowa, Sensei." Haka muke kiran likitoci.

"Da kowa take ɓoye mabuɗi a cikin riga? Ko wani ne ya sa ta? Na san akwai waɗanda ba su so aka ɗauko ni daga waje ba."

Na ce ban san komai ba. Ya ce daga yau ni yake so in riƙa yanka masa, kada aikinsa ya sake bi ta hannunta. Na ce sai na tambayi Farfesa, don in samu hanyar wucewa.

Abin kunya shi ne ni ma cutar zargin ta kama ni. Hirauchi ya samu gurbin magana a babban taron masu binciken ciwon suga da za a yi a ƙarshen shekara, ya manna hotunan arba'in da bakwai a allon baranda. Kullum in na wuce sai in ga kamar launin ya fi abin da na gani a madubi haske. Na fara ƙirga kwalaben rinina kafin in tashi. Wata rana kuma sai na kama kaina ina tunanin ko Osanai ce da kanta ta juya dunƙulen don ta samu abin kamawa. Da rana mu ukun mukan zauna a ɗakin shayi, kowa da akwatin abincinsa, ba ka jin komai sai ƙarar tsinken cin abinci.

Sauran pankiriyas suka ci gaba da zuwa. Cikin goma sha ukun da suka rage, huɗu sun nuna ɗigon da ɗan yawa, ko da yake ba su kai arba'in da bakwai ba. Hirauchi ya ce ga shaida nan. Osanai ta rubuta lambobinsu a littafinta, ta ja musu layi.

A watan goma akan yi taron tunawa da waɗanda aka buɗe jikinsu a shekarar. Iyalai su zo cikin baƙaƙen kaya, a karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ajiye farin fure a gaban allo. Mu ma'aikatan ƙasa a layin baya muke zama, kuma mu ke zuba wa baƙi shayi bayan an gama. Osanai ba ta taɓa fashin wannan taro ba. Takan sa baƙar rigarta guda ɗaya, ta saurari sunayen idonta a rufe.

Muna zuba shayi sai wata mata gajera, hannayenta duk kanta irin na masu aikin kifi, ta riƙe hannun rigar Osanai.

"Ke a nan kike aiki?"

"A nan nake."

"To ki faɗa mini, me kuka yi da abin da kuka cire wa mijina? Na tambayi likita ya ce bincike. Na tambayi na ofis ya ce bincike. Ɗana cewa yake sayarwa kuke yi."

Osanai ta ce, "Ba a sayarwa. Ana yankawa a duba."

"Haka dai kuka ce." Matar ta kurɓi shayi. "Ni ban so sa hannu ba. Mutum ya sha wuya haka, kwana sha tara yana kwance na'ura na yi masa numfashi, zazzaɓi ya ƙi sauka, jikinsa ya kumbura har zobe sai da aka yanke. Sannan a ce a sake yanka shi? Shi ne ya bar wasiyya. Kuma ya tashi tafiya sai ranar da aka fara bikin fitilu, mutumin da shekara arba'in yana jan keken fitilun unguwarmu. Ana ganguna a waje."

Ina tsaye da buta a hannu. Na ga hannun Osanai ya tsaya cak a kan kofi.

Ta ce, "Kwana nawa kika ce?"

"Sha tara."

"Yana da ciwon suga?"

Matar ta ja baya kaɗan. "Wa ya faɗa miki?"

"Tambaya na yi."

"Shekara ashirin yana fama. Amma ba shi ya kashe shi ba, daga kan jirgin ruwa ya faɗo." Ta ƙura wa Osanai ido. "Ke kin san wani abu."

Osanai ta sunkuya ta ce shayi zai huce, ta wuce teburi na gaba.

A hanyar komawa na ce, "Osanai-san, ba mu ji komai ba. Kin san doka. Bai halatta mu san mai lamba ba."

Ta ce, "Kunnena ba shi da murfi."

Ranar Litinin ta nemi ganin Farfesa, ta ce a kira Hirauchi, ni ma in zo in zama shaida. Shekara talatin da biyu tana sashen, ba ta taɓa zama a kujerar ofishin nan ba, ranar ma a tsaye ta yi magana. Ta ce abu biyu take roƙo. Na farko, a bar ta ta sake yanka arba'in da bakwai da rabin kaurin da aka saba, a ƙara rini na uku mai kama fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke cika wuri in akwai kumburi. Su ma suna rabuwa, in ji ta, kuma in yanka ya yi kauri, wata na iya kwanciya a kan ƙwayar insulin, ɗigonta ya fito kamar na ta ƙasa. Na biyu, Farfesa ya buɗe littafinsa ya duba kwana nawa masu lambobi biyar ɗin nan suka yi a kan na'urar numfashi kafin su rasu.

Hirauchi ya ce, "Me ya kawo maganar na'ura?"

"Arba'in da bakwai kwana sha tara ya yi."

Farfesa ya cire tabarau.

Hirauchi ya miƙe. "Wa ya ba ki takardun majiyyaci? Kin shiga ofishin nan? Farfesa, ka ji ko? Ni take zargi, alhali ita ce ke buɗe abin da ba a ba ta ba!"

"Ban buɗe komai ba. Matarsa ce ta faɗa, Kasai-san na tsaye." Ta juya gare shi. "Tunda ana tambaya, Sensei, kai me kake nema a ɗakin kaki da sassafe? Sau uku na sani."

Kunnuwansa suka yi ja. Farfesa ya ce ya isa. Ya ce a yi yankan, shi kuma zai duba littafi, maganar yadda ta san mai lamba kuwa za a zo kanta daga baya.

Yanka da rabin kauri ba kowa ke iya shi ba. Ni in na gwada, naman yagewa yake kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Osanai ta ɗora dunƙulen a kan ƙanƙara awa guda, ta sa sabuwar aska, ta rufe taga don kada iska ta motsa. Takan huro wa fuskar kakin numfashi sau ɗaya, ta riƙe sauran a ƙirji, ta juya hannun injin a hankali. Kwana uku ta yi ta samu gilashi goma sha biyu masu kyau. Ta ce ni zan rina.

Na tsaya da kwalba a hannu. Na ce, "Osanai-san, wancan karon ban rubuta gaskiya ba. An kira ni a waya, sun wuce lokaci."

Ba ta ɗago ba. "Na sani. Ta taga na hango ki a baranda."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Jira nake ki faɗa." Ta tura mini agogonta. "Wata uku kika sa ni jira. Ungo."

Mu huɗu muka duba a madubi mai bakin kallo da yawa, kowa da takardarsa, ba mai ganin ta wani. Sabon rinin shuɗi ne. Ko ni da ba likita ba na gani: yawancin ɗigon nan suna zaune ne a cikin shuɗi, fararen ƙwayoyin da suka kutsa tsibirin suka kwanta a jikin ja. Da aka haɗa takardu, cikin kowane ɗigo goma, bakwai nasu ne. Ukun da suka rage kuwa suna tsakiyar ja sosai, babu shuɗi kusa da su. Osanai ta koma kansu sau uku, ta sauya madubi, ta dawo.

Ta ce, "Waɗannan na gaske ne."

Ta faɗe shi ne kamar wadda aka ƙwace wa wani abu. Uku cikin goma ɗin nan ma sun ninka abin da muka gani a sauran mutane sau da yawa.

Sannan Farfesa ya buɗe 'yar takardar da ya zo da ita. Duka biyar ɗin sun daɗe a kan na'ura, mafi ƙaranci kwana shida. Biyu daga cikinsu ba su taɓa yin ciwon suga ba. Masu ciwon suga da suka rasu farat ɗaya kuwa, ko ɗaya bai nuna komai ba.

Hirauchi ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Ke nan ba ciwon ba ne. Doguwar jinyar ce." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Saura mako biyar in tsaya gaban mutum dubu in faɗi akasin haka."

Ya janye daga taron a ranar. Da yamma kafin a tashi ya sauko ɗakinmu, ya tsaya a bakin ƙofa, ya sunkuya wa Osanai har sai da na ji nauyi na kau da kai. Ya ce game da ɗakin kaki, lambar yake zuwa dubawa. Tun ranar farko abin ya yi masa kyau fiye da kima, yana tsoron ko an haɗa naman yaro ne da lambar dattijo, sai ya riƙa ɗauko dunƙulen yana gwada shi da gilashi a hasken taga. Kunya ce ta hana shi faɗa, kada a ce shi kansa bai yarda da aikinsa ba.

Osanai ta ce, "Na ji, Sensei."

Da ya tafi na ce, "To, kin ji dai."

Ta ce, "Na ji abin da ya ce." Mabuɗin bai koma kan ƙusa ba har ta bar aiki.

Maganar doka ba ta wuce haka nan ba. Kwamitin asibiti ya zauna, aka ba ta takardar gargaɗi saboda ta yi wa iyalin mamaci tambaya a kan jinyarsa. Hirauchi ya rubuta musu cewa ita ta ceci binciken, Farfesa ma ya sa baki, amma takardar ta shiga fayil ɗinta. Ta karɓa da hannu biyu, ta karanta, ta nuna wa magatakarda inda aka yi kuskure a kwanan wata, ta ce a gyara a sake kawowa.

Shekara ɗaya da rabi Hirauchi ya ƙara yana aikin. Duk dunƙulayen sittin aka sake yankawa sirara, kuma a hannunta. Abin da ya fito a ƙarshe bai kai girman abin da ya yi mafarki ba, 'yan shafuka ne da ke cewa a cikin mutanen da muka duba, an ga ƙwayoyin insulin suna rabuwa a wurin waɗanda suka daɗe cikin tsananin jinya da kumburi, kuma ba a san dalili ba tukuna. Ya sa sunanta cikin marubuta, abin da ba a saba yi wa irinmu ba. Ta tambaye ni ko hakan na nufin in an samu kuskure ita za a kama.

A taron tunawa na shekara mai zuwa matar nan ta dawo, ko da yake ba a gayyatar iyali sau biyu. Ta zauna a baya, ta jira lokacin shayi, ta nufo mu kai tsaye. An riga an gargaɗi Osanai kada ta sake yi mata magana a kan mijinta, ni kuma na matsa kusa don in raba su in ta kama.

Matar ta ce, "Shekara guda ina tunanin fuskarki. Abin nasa ya yi wani amfani, ko yana cikin kwalba a ƙasa?"

Osanai ta ajiye buta. Ta ce, "Ya yi amfani."

"Haka kuke faɗa wa kowa."

"Haka suke faɗa wa kowa. Ni shekara talatin da uku ina zuba shayi a nan, ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Matar ta dube ta daga sama har ƙasa, ta dube ni. Ban san ko ta yarda ba. Ta dai zauna ta shanye shayinta, ta nemi ƙari, da za ta tafi ta sunkuya wa Osanai ita kaɗai.

Osanai ta yi ritaya tana da shekara sittin. Ta ƙi a yi mata walima, ta ce masu jawabi ƙarya za su yi. Hirauchi ya koma kudu bayan shekara uku, har yanzu yana kan tambayarsa, yana aiko mana da kati duk sabuwar shekara. Ita kuwa ta koma ƙauyensu, gidan yayarta da ta rasu, ta ce hayaniyar birni ta ishe ta. Ba mu cika haɗuwa ba, motar ƙauyen sau uku take tashi a rana.

A bazarar da ta wuce na kira ta don in gaya mata an rushe tsohon gininmu, an mai da ɗakin gwaji hawa na shida a sabon gini, yanzu inji ne ke yin rini. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Wa ke magana?"

"Ni ce, Kasai."

Ta ce, "Wace Kasai? Faɗi sunan mahaifiyarki."

Na faɗa. Ta ce to, yanzu 'yan damfara sun yi yawa, suna kwaikwayon murya. Sannan ta tambaye ni ina aka kai aljihunan kaki, wa ya ɗauke su, da wace mota, kuma ko an ƙirga su kafin a ɗora da bayan an sauke. Na ce an ƙirga. Ta ce wa ya ƙirga. Muka yi kusan awa guda a waya.